Wasa Ko Gaskiya: Tambayar Da Yaya Ya Bar Mini

Akwai magana ɗaya da na faɗa a ƙofar gidan mai garinmu, wata safiya cikin damina. Da Allah zai ba ni zaɓi tsakanin goge ta da ƙarin shekara goma a duniya, goge ta zan zaɓa. Ba ta fi numfashi biyu ba. Mutane sun yi dariya da na faɗe ta. Yayana bai yi ba.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Karatuna kaɗan ne, allo ne da ajin yaƙi da jahilci, amma na ga idan ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru za a ce wani tsoho ne mai mataccen kunne da ya yi noma a ƙasar Bukkuyum ya mutu. Ya fi haka. Kuma ba yadda zan faɗi ko shi wane ne ba tare da na faɗi abin da ni na yi ba.

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin azahar ƙofar gida ta cika maƙil. Fulanin rugar yamma sun zo, ardonsu yana ta maimaita cewa shekara da shekaru shanunsu na shan ruwa a rijiyar gonarsa, bai taɓa ɗaga musu murya ba. Dangin Inna, mahaifiyarmu, sun taso daga Gummi, surukansa daga Anka. Har masu haƙar zinariya da suka fara shigowa yankinmu, waɗanda wasunsu Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba, sun ajiye aiki sun bi sahu. Ɗayansu ya kama hannuna ya ce, "Baba, ranar da muka sauka garin nan kowa kallonmu yake. Shi kaɗai ya matso. Bai tambaye mu daga ina ba, cewa ya yi, kun ci abinci?"

Matar Yaya ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Da na shiga yi mata gaisuwa, tana zaune ta zuba wa tukunya ido. Ta ce, "Shekara hamsin kullum sai ya ce miyata ta yi gishiri, kuma kullum sai ya suɗe kwano. Yanzu wa za ya ce min?"

A kwana na biyu da la'asar, kabu-kabu ya sauke wani tsoho a bakin hanya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa duk da tsufa, da buhu a ninke a hammatarsa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a gefen tabarma ta ƙarshe, rabin jikinsa a ƙasa. Samari suka fara raɗa, "Wane na wanga?" Dattawa suka sunkuyar da kai, don su sun sani. Ya bi kowa ya gaisa, da ya iso gare ni sai ya durƙusa.

"Ina wuni, Malam. Ya haƙuri? Allah shi ba da haƙuri."

Duk wanda ya ji zai ce ladabi ne. Ni kuwa da mari ya kwaɗa mini a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. A da, mutumin nan ya yi shekara ashirin da wani abu bai taɓa ce mini Malam ba. Bawa yake ce mini.

Badakkare ne daga ƙasar Zuru, kuma Kirista. Mu Zamfarawa da Dakarkari taubasai ne tun kakanni. Idan mun haɗu sai tsokana da zagi, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma abin kunya ne mutum ya yi fushi da maganar taubashinsa komai zafinta. Duk garin Taubashi muke kiransa, har yara da yawa ba su san yana da wani suna ba. Mai karatu ya riƙe wannan al'ada a ka, don a cikinta laifina yake.

Amma bari in fara da Yaya.

Ya girme ni da shekara tara. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe gida, shi ya yi mini aure. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana yaro bayan ciwon ƙyanda, sai ya mai da shi kayan aiki. Idan ka kawo masa gulma, ba zai katse ka ba. Zai gyara zama a hankali ya juyo maka hagu, yana gyaɗa kai har ka gaji. Garin duka an san haka. Idan mutum ya fito daga zaurensa fuska a ɗaure, sai a ce, "Wane, hala hagu anka ba ka?" Idan kuwa ya juyo maka dama, to maganarka ta shiga, kuma ba ta fita.

Tambayarsa a duniya ɗaya ce: an ci abinci? Wata shekara aka kama wani mutum da buhun masarar Yaya, aka jawo shi har ƙofar gida, kowa da sanda. Yaya ya fito ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ku bari shi ci tukun. In ya ƙoshi mu ji bakinai." Aka kawo tuwo. Mutum ashirin suka tsaya da sanduna suna kallon ɓarawo yana loma. Kafin ya wanke hannu rabinsu sun ji kunya sun watse.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai irin wanda ke sa a yi asara. Ya yi shekara biyar yana ƙin takin zamani, yana cewa zai ƙone masa ƙasa, maƙwabta na cika rumbu shi yana cika baki. Ya matsa wa 'ya'yansa a gona har babban ya taɓa gudu Gusau. Bakinsa bai iya ba da haƙuri ba. Idan ya san ya yi maka laifi, goro zai aiko maka, fari guda biyu, ba saƙo. Rediyonsa kuwa ba ya buɗe ta sai don sanarwar rasuwa da labarin ruwan sama. Da an fara jawabi sai ya murɗe.

Taubashi ya zo garinmu a shekarar babban fari, yana neman ƙwadago. Yaya ya ɗauke shi huɗa. Yaya yana taƙama ba mai riga shi kai ƙarshen kunya, sai ga wannan gajeren ya bar shi a tsakiyar gona, ya je ya dawo ya tsaya a kansa.

"Bazamfare, galma ta hi ƙarhinka. Aje ta ka koma saida goro."

Yaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kafin kaka ya ba shi kangon bayan gidanmu, ya ce ya je ya ɗauko iyalinsa. Ginin rumbu ne sana'arsa, kuma har yau babu rumbu a unguwarmu da ba hannunsa a jiki. Matarsa tana gina tukwane da randuna. Lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye, shekara uku tana kwance, matar nan ce ke shigowa safe da yamma ta juya ta, ta wanke ta, ta shafa mata man kaɗe, tare da matanmu, wani lokaci ma kafin su. Inna ɗiyata take ce mata. Idan Kirsimeti ta zo, Taubashi zai jawo akuyarsa ya kawo wa Yaya ya yanka, don kada wani maƙwabci ya ji shakkar cin naman. Da Sallah kuwa cinyar ragon Yaya gidansa take tafiya. Yaya ya san cewa su Dakarkari Lelna suke kiran kansu, ya koyi gaisuwa da yarensu. Ni ban taɓa tambaya ba.

Amma tsokana tsakanina da shi ta fi ta kowa. Ina da teburin hatsi a kasuwa. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya:

"Kai bawa! Zo ɗauki kayan ubangidanka."

"Kai wa? Kakanka da gishiri kwano guda munka saye shi."

"Awo, gishirin ma rabinai ƙasa ta. Haka kunka iya ciniki."

Kasuwa ta kwashe da dariya, ya ɗebi gyaɗata ya wuce yana ci. Idan mako ya wuce bai zage ni ba, sai in aika a duba ko lafiya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu mun yi murna, ni har Gusau na je. Ban yi nadamar murnar ba har yau. Abin da nake nadama shi ne abin da na ɗora mata wanda ita ba ta ce ba. An sa ni cikin dattawan masallaci. Karo na farko a rayuwata ina magana ana yin shiru, kuma abin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Labarin tashin hankali yana zuwa daga manyan garuruwa masu nisa. Baƙi suka fara ɗaure kaya. Mai kantin magani, mutumin gabas, ya rufe shago ya tafi. A majalisarmu aka fara magana a kan 'yan gidajen Kirista da suka rage kamar wata matsala da ke jiran magani: idan aka sakar musu yau, gobe coci za su gina, jibi su ce garin nasu ne.

Ina zaune a zauren Yaya ranar da Taubashi ya shigo ya tsuguna ya ce, "Yaya, in tashi?"

Yaya ya juyo masa hagu. Da aka jima ya ce, "Rumbun tsakiya ya tsage. Yaushe za ka duba shi?"

Bai tashi ba.

Da damina ta zo, cikin marka, matar Taubashi ta kwanta ciwo kwana huɗu ta rasu da safe. An kwana biyu ana ruwa, gulbi ya cika ya yanke hanya, ba motar da za ta kai garin Daki Takwas balle Zuru. Ya zo ƙofar mai gari, muna zaune. Bai nemi maƙabartarmu ba, ya san ba a haɗawa. Taku kaɗan ya roƙa inda zai binne ta a fakon bayan dutse, ƙasar gari ce da ba ta fitar da komai, awaki kaɗai ke zuwa. Mai gari ya dubi liman. Liman ya ce shi bai ga hani ba, tunda wuri ne daban. Mai gari ya juyo yana duban fuskokinmu, na ga alama zai bayar.

A raina na ce, kabari yau, gobe su ce kakanninsu na nan. Amma ba zan iya duban idon mutumin da matarsa ta wanke uwata in faɗi haka ba. Sai na bi ta hanyar da na san a buɗe take.

"Haba Taubashi," na ce ina murmushi, "tun yaushe bawa yas samu ƙasa? Ku da kunka saba da ɗaukar kaya, naɗe ta ka aza bisa kai ka kai ta gidanku."

Samari suka fara dariya, sai ta bazu. Har waɗanda abin bai yi musu daɗi ba sun yi, don maganar taubashi ce, an saba. Dariyar ta yi aikin da ni na kasa yi da bakina. Mai gari ya samu mafaka, ya ce to, a sake shawara. A sake shawara, ga gawa kwance a ɗaki cikin zufar damina. Taubashi kuma ba shi da ikon yin fushi, al'ada ta ɗaure masa baki. Na san haka. Don haka ma na zaɓi hanyar.

Ya dube ni ya daɗe. Ina jira ya rama, ya zagi Zamfarawa da kakanninsu, don maganar ta zama wasa da gaske in samu sauƙi. Sai ya miƙe ya ce, "Na gode, Malam."

Yaya yana gefe. Sai a lokacin na lura kunnen dama ya ba ni. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, bai yi wa mai gari sallama ba. Ya ce wa Taubashi, "Taso."

Gonar Yaya suka nufa, kusurwar da ke ƙarƙashin marke. Gero ya fitar da kai, saura kaɗan ya nuna. Yaya ya sa adda ya sare shi da hannunsa. Manomi ne kaɗai ya san abin da ake ji idan aka sare gero a wannan lokaci. Su biyu suka haƙa jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsofaffi biyu cikin taɓo har gwiwa. Malamin firamare da wasu mata biyu 'yan addinin Taubashi suka zo suka yi addu'o'insu. Yaya ya koma gefe ya tsaya, hannu a baya. Bai shiga addu'arsu ba, bai kuma tafi ba sai da aka rufe ta.

Bayan la'asar na same shi a tsakar gida yana wanke taɓo a ƙafa. Raina a ɓace yake.

"Yaya, ka kunyata ni gaban mai gari. Ka buɗe ƙohwar da ba mu iya ruhewa."

"Ka ci abinci?"

"Ban zo cin abinci ba."

"To tambaya ɗaya. Abin da kah hwaɗi ɗazu, wasa kay yi ko gaskiya?"

"Wasa na mana. Ai taubashina na."

"To tahi ka hwaɗa mishi wasa na. Ga gidanai nan bayan katanga."

Na dubi katangar, ban motsa ba.

"In ko gaskiya ta, tahi ka hwaɗa mishi gaskiya ta, shi san inda yat tsaya da kai. Amma zaɓi ɗaya. Ba ka riƙe biyu."

Sai na ce, "Kai dai ka hi son arne da ɗan'uwanka."

Ya gyara zama a kan turmi, a hankali, ya juyo mini hagu. Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini haka ba.

Damina biyu ban ci tuwo a zaurensa ba. Ran wata Sallah goro ya iso, fari guda biyu, duk da ba shi ne mai laifi ba. Na koma, muka ci gaba da zama, amma tambayar tana nan tsakaninmu kamar mutum na uku. Ba a gina coci ba. Ba wanda ya ce garin nasa ne. Da aka yi girbin shekarar da matarsa ta rasu, Taubashi ya kwashe kayansa ya koma wajen ɗansa a ƙasar Zuru. Kangon ya sake zama kango. Rumbun tsakiya ya gyara shi kafin ya tafi.

Kowace shekara kafin ruwan farko sai ya zo ya share kabarin, ya kwana biyu a zauren Yaya. Daga gidana ina jiyo su ta kan katanga suna zagin juna, Yaya na dariyar nan tasa mai kama da tari. Sai in sa hula in zagayo. Da na yi sallama sai zauren ya yi tsit.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya? Ya iyali?"

Ya matsa ya ba ni wuri mai kyau a tabarma. Ban san akwai yunwar zagi ba sai a waɗannan shekaru. A kasuwa nakan ji wani Badakkare yana tsokanar wani Bazamfare, sai in tsaya da mudu a hannu ina saurare kamar mai jin kiɗan garinsu daga nesa. Idan Taubashi ya koma gida, Yaya zai ce mini, "Ka tahi?" In ce, "Sai ya dawo baɗi." Girman kai ne, ba wani abu ba. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara tsufa.

Kusurwar nan Yaya ya kewaye ta da ƙaya. Idan masu garmar shanu sun zo huɗa, da sun kusa wurin sai ya shiga gaban shanun da kansa ya juya su. Akwai waɗanda suka sa masa suna maigadin kabarin arna. Hagu ya ba su, har suka gaji.

Kwana uku kafin ya cika, da rana tsaka, ina zaune kusa da shimfiɗarsa ina yi masa fifita. Ya buɗe ido ya juyo mini kunnen dama.

"Ka tahi?"

"Za ni, Yaya. Bari a ƙare yankan dawa."

Bai juya hagu ba. Ya dai dube ni ya rufe ido ya ce, "To. Ni dai ba ni jin amsar."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Tun ranar jana'iza babban ɗansa ya ja ni gefe. Ya ce masu haƙar zinariya sun bi jijiyar dutse daga bayan gari, ta shiga gonar ta daidai kusurwar marke. Suna son su haƙa, magada sun yarda, maganata kawai ake jira tunda ni ne uba yanzu. Na ce a bari a yi uku. Ashe labarin ya riga ya kai tashar motar Bukkuyum, kuma ta nan Taubashi ya biyo.

Ranar uku da safe, bayan an shafa addu'a, mutane ba su watse ba tukuna. Mai gari yana nan, liman yana nan. Taubashi ya taso daga gefen tabarma ya zo gabana ya durƙusa. Ya warware buhun da ya zo da shi. Farin yadi ne a ciki, sabo.

"Malam, alhwarma ni ka nema. Na ji za a haƙa kusurwar. Mai gona ya tahi, ba ni da bakin magana. Wancan karo ka ce in aza ta bisa kai in kai ta gida. Lokacin ta yi min nauyi. Yanzu ƙashi na, ina iyawa. A ba ni izini."

Babu fushi a muryarsa. Ba wanda ya yi dariya. Wasu daga cikin waɗanda suka yi dariya wancan karon suna zaune a kan tabarmar, kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa.

Na dafa bango na miƙe.

"Jama'a, ku shaida. Yaya ya yi min tambaya shekara takwas ban amsa ba. Taubashi, ba wasa niy yi ba. Ƙi na cikin raina, na ji tsoron hwaɗinai, sai nis sa mishi rigar wasa don na san ba ka iya hushi. Na ci amanar taubasantaka. Na ci amanar wadda tay yi jinyar Innata. Ka yahe min."

Na juya wajen ɗan Yaya na ce, "Gonata ta hwadama, wadda kuka sha'awa tun tuni, ku ɗauke ta. Ku ba ni kusurwar marke."

"Baffa, hwadama hwa? Kan taku ashirin?"

"Kan taku ashirin."

Bai ji daɗi ba, don a ganinsa abin da ke ƙarƙashin kusurwar ya fi fadama. Ya shiga gida ya yi shawara da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ban san abin da ta gaya masa ba, amma ya fito idonsa ja ya ce sun yarda. Liman da mai gari suka shaida. 'Ya'yana har yau ba su gama huce asarar fadamar ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Taubashi bai ce ya yafe ba. Ya ninke yadinsa ya mayar cikin buhu, ya ce, "Mu tahi in gan ta."

Muka tafi mu biyu. Na ɗauki hauyar Yaya a gindin rumbu. Tun da ya kwanta ba wanda ya leƙa wurin, ciyawa ta rufe kabarin har ƙayar ba ta ganuwa. Na duƙa na fara sara. Shekaru da yawa ina bakin tebur, hannuna ya manta hauya. Ina kai sara nan tana sauka can, ƙasa na tashi tana zuba mini a wuya. Taubashi yana tsaye a bayana. Na ci gaba, bayana na ciwo, numfashina na fita da ƙyar.

"Kai bawa."

Na tsaya cak.

"Haka a ka riƙon hauya? Shekara saba'in kana cin tuwo ba ka san inda shika hitowa ba. Kawo nan kahin ka sare min mata."

Na miƙa masa. Na zauna a ƙasa cikin karan dawa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Shi kuma ya duƙa yana nome ciyawar yana ta zagin Zamfarawa, ragwaye, masu gauraya gishiri da ƙasa, hawaye na ɗiga daga haɓarsa. Da ya kai ƙarshe ya miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "Shi ma Yayan naka bai iya ba. Ƙyale shi kawai niy yi."

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne in ruga gida, in shiga zaure, in zagaya ta wajen kunnen dama in ce, Yaya, na tafi. Zauren yana nan. Buzunsa yana nan a jingine, rediyonsa tana kan taga. Kullum da hantsi nakan shiga in zauna a inda na saba zama, ta damansa. Na yi shekara takwas amsar tana bakina, mai tambayar yana bayan katangata, sai da na bari ya tafi da kwana uku.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa wata da ba ta da inda za ta kwanta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Ina kuma roƙonsa kada ya yi abin da na yi. Idan akwai wani zaune a cikinku, addininku ba ɗaya ba, yarenku ba ɗaya ba, kuma kuna da wani abu a rai game da shi, ku faɗa a fili ya samu bakin amsawa, kada ku ɓoye shi cikin wasan da kakanni suka bar mana don mu zauna lafiya. Idan kuwa kun riga kun yi, kada ku jira a gama yankan dawa. Ku tafi yau, tun wanda ya aike ku yana da kunnen da zai ji kun dawo.